Ban da Ƙofar Kicin

Shekara tara muna kwana a saman mashaya
a bakin kogin Douro,
har ranar da mai gidan ya ce 'yan yawon buɗe ido
na biyan kuɗin watanmu a kwana huɗu.
Ban ja da shi ba. Mai abu da abinsa.
Na ɗaure katifa a kan motar abokina,
Benedita ta rungume kifinta a cikin kwalba,
muka hau tudu zuwa unguwar Paranhos.

Dona Graciete ba ta dubi takardar albashina ba.
Ƙafata ta duba, ko na goge takalmi kafin in shiga.
"Kana da kare?" Babu.
"Kana kiɗa, ko busa?" Babu.
"Ina uwar yarinyar?"
Na yi shiru. Ita ma ta yi,
sannan ta rage Yuro hamsin, ba ta ce don me ba.

Kuɗin wata biyu a hannu,
makulli uku a jan zare:
na ƙofar titi, na ɗaki,
na ukun ta manta abin da yake buɗewa.

Sharuɗɗanta kaɗan ne.
Kada a ja kujera bayan ƙarfe goma.
Lemon tsamin tsakar gida na kowa ne,
amma a tambayi reshe kafin a tsinka.
Na ƙarshen ta faɗe shi ba ta kalle ni ba:
"Shafa fenti duk inda ka so,
ban da ƙofar kicin."

Daren farko barci ya ƙaurace mana.
Kunnen da ya saba da fashewar kwalba da waƙar mashaya
ya rasa abin riƙewa.
Benedita ta shigo tana jan bargo:
"Baba, unguwar nan mutuwa ta yi?"
Muka kasa kunne.
Can wani jariri ya yi tari, uwarsa ta tashi,
famfo ya zuba, ya tsaya.
Wani ya rufe taga a hankali
kamar mai ajiye ƙwai.
Na ce, da ranta, numfashi take yi.

Da safe ga burodi rataye a marikin ƙofa,
da ɗuminsa, ba a ƙwanƙwasa ba.
Kekunan yara kwance a bakin titi ba sarƙa.
Tsoho Custódio na shayar da kabejinsa,
ya ɗaga mini hula, ya ce ranar Juma'a ake fid da shara,
kuma jiya na bar fitilar baranda a kunne.
A nan ba mai ɗaga murya,
amma ba abin da ke wuce ido.

Sai da muka kwana uku na lura da ƙofar.
Layukan fensir, suna hawa kamar tsani:
Hélder, shekara huɗu.
Hélder, shekara shida, ya yi ɗage.
Hélder, sha bakwai, ya ɗara kaina da taƙi.
Daga nan katako ne kawai.
Yana Luxembourg, in ji Custódio, yana ɗora bulo,
yakan bugo waya ranar Lahadi, in ya tuna.

Bas nake tuƙawa, wani makon sai dare nake tashi.
Ban roƙa ba, ita ta ce yarinyar ta riƙa hawowa sama
ta sha miyar ganye, ta yi aikin makaranta.

Wani yammaci na tarar da su a kicin ɗina:
Benedita ta jingina da ƙofa, ta riƙe numfashi,
tsohuwa ta ɗora littafi a kanta,
fensir na rawa a hannunta.
Sabon layi ya zauna ƙasa kaɗan da Hélder na takwas.
Na ce, Dona, mu fa 'yan haya ne.
Ta ce, "Na sani. Rubuta kwanan wata, idona ba ya gani."

Na rubuta.
Makulli na ukun yana nan a aljihuna.
Na gwada shi a akwatin wasiƙa, na gwada a rumbun ƙasa,
bai shiga ba.
Ban dai mayar mata ba tukuna.